An haifi ɗana da ƙari a gadon baya, gado ne? Kuma ina tsoron ciki na gaba

Ummu_Yaro:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san abin nan ya yi min bayani yadda zan gane, don likita ya yi min amma wallahi a lokacin hankalina ba ya jikina, kai kawai nake gyaɗawa. Yarona na fari an haife shi da ƙulli a ƙasan bayansa, fata ba ta rufe wurin ba, suka ce sunan abin sifaina bifida, aka shiga da shi tiyata tun yana ɗanyen jariri, daga baya kuma kansa ya fara girma suka ce ruwa ne yake taruwa aka saka masa wata siririyar roba daga kai zuwa ciki. Alhamdulillah yanzu yana zama yana dariya yana gane mutane, amma ƙafafun ba ƙarfi kuma fitsari sai dai ya yi ta ɗiga.

Abin da ke hana ni barci shine maganganun mutane, wasu a dangin mijina suna cewa daga wajenmu ne aka kwaso, mu kuma a gidanmu ba a taɓa ganin irinsa ba. Mun yi gwajin jini kafin aure, ni AA shi AS, to ina gadon ya fito? Kuma ni na je awo na sha duk magungunan da aka ba ni, sai dai gaskiya na fara ne ciki ya kusa wata huɗu. Yanzu maigida yana maganar ƙarin haihuwa ni kuma gabana faɗuwa yake. Zai iya sake faruwa? Sannan na ga a intanet wai ana binciken gyara jijiyoyi da wasu ƙwayoyin halitta, gaskiya ne ko yaudara ce?

Nas_Ungozoma:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya miki shi ya ba ki juriya. Abu na farko da nake so ki riƙe, ba wani laifi da kika yi, kuma ba wanda zai iya nuna gida ɗaya ya ce daga nan abin ya fito.

Bari in faɗa miki yadda abin yake faruwa. A makonnin farko na ciki, ƙwaƙwalwa da lakar baya ba su wanzu ba tukuna, abin da ake da shi wani shimfiɗaɗɗen layin ƙwayoyin halitta ne a bayan ɗan tayin, sai gefe da gefensa su ɗago su haɗe su zama bututu, yana rufewa a hankali kamar yadda ake jan zif ɗin riga. Saman bututun ne zai zama ƙwaƙwalwa, ƙasan ya zama laka. Idan ƙasan ne bai gama rufewa ba shine abin da ya samu yaronki, idan kuma saman ne ya ƙi rufewa to ƙwaƙwalwar da ƙoƙon kai ba sa ginuwa, irin waɗannan jariran ba sa rayuwa. To abin da mutane da yawa ba su sani ba, duk wannan aikin yana kammaluwa ne cikin kwana 28 da shigar ciki. Kin ga kenan lokacin mace ma tana cewa al'adata ta ɗan yi jinkiri, ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, an riga an gama. Shi yasa maganin awon da kika sha a wata na huɗu ya yi miki amfani ta fuskar jini da sauransu amma ga wannan matsalar ya zo a makare, kuma ba ke kaɗai ba ce, mata da yawa a duniya haka suke farawa don ba wanda ya gaya musu.

Maganin da ake magana a kai shine folik asid, wannan 'yar ƙaramar ƙwayar da wasu ke rainawa. Duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ana so tana shan maikirogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga har zuwa sati 12. Amma ke da kika riga kika haifi mai wannan lalurar naki ya fi haka nesa ba kusa ba, miligiram 4 ne a tsarin Amurka, miligiram 5 a tsarin Ingila, kuma ana so ki fara tun kafin cikin, wata ɗaya ne mafi ƙaranci, likitoci da yawa sun fi son wata uku. Ba shaci-faɗi ba ne, a 1991 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta ɗauki nauyi ƙarƙashin Nicholas Wald, a kan mata irinki da suka taɓa samun ciki mai wannan matsalar, waɗanda aka ba miligiram 4 haɗarin maimaituwa ya ragu da kusan kashi 72 cikin ɗari. Sakamakon ya fito fili har sai da aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. A 1992 kuma Andrew Czeizel a Hungari ya nuna yana kare har matan da ba su taɓa haifar irin yaran ba. Dalilin da ya sa kenan Amurka da Kanada suka wajabta zuba shi a garin fulawa daga 1998, don ya isa jikin mace tun ba ta san da cikin ba.

Batun zai sake faruwa kuwa, eh haɗarinki ya ɗara na sauran mata, wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari idan ba a sha komai ba, amma ki juya lissafin ki gani, sama da 95 cikin ɗari lafiya ƙalau ake haihuwa, da folik asid kuma ya ƙara sauka. Ba zan ce miki ya koma sifili ba don akwai waɗanda ko an sha yana faruwa.

Tambaya ɗaya, kina shan maganin farfaɗiya ko kina da ciwon suga? Ki amsa min don yana da muhimmanci.

Baban_Yarinya:

Baiwar Allah sannu, mu mun riga ki shiga wannan hanyar, 'yata da shi aka haife ta kuma yanzu tana makaranta, tana tafiya da ƙarfen ƙafa da sanduna, idan wuri da nisa keke. Ni ba likita ba ne, abin da muka koya da wahala zan gaya miki.

Kowa idonsa a kan ƙafa yake, zai taka ko ba zai taka ba, amma abin da ya fi cin yaran nan a ɓoye ƙoda ce. Wannan ɗigar fitsarin da kika ambata kar ki ɗauka mafitsara tana zubar da komai ne, sau da yawa cika take ta tumbatsa, saura ya kwanta a ciki ya koma sama ya lalata ƙoda ba tare da yaro ya ji zafi ba. Ki nemi a haɗa ku da likitan mafitsara a yi hoton ƙoda, kuma idan suka ce a fara saka robar fitsari lokaci-lokaci a cire, kar ki ji tsoro. Ranar da aka fara koya wa mamanta hannunta rawa yake tana kuka, yau yarinyar da kanta take yi, ta wanke hannu ta saka ta cire ta koma wasanta.

Na biyu fata. Wurin da ba sa ji ba sa sanin ya ƙone ko ya ji ciwo. Tamu ta taɓa yini da ɗan dutse a cikin takalmi, sai da dare muka ga safa ta jiƙe da jini ita ko a jikinta, gyambon nan ya daɗe bai warke ba. Tun daga nan kullum kafin barci sai an duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da mazaunai, ruwan wanka kuma sai an gwada da hannu.

Na uku robar kan nan, tana iya toshewa ko ƙwayar cuta ta shiga. Idan kika ga amai ba dalili, barci ya yi yawa ba ya son tashi, kuka mai ƙara, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko idanu suna kallon ƙasa, kar ki jira gari ya waye ki tafi asibiti. Sannan ki riƙa tuna wa ma'aikata su guji safar hannu ta roba irin ta latas idan za su taɓa shi, yaran nan suna yawan samun borin jini da ita, har balan-balan ma.

Maganar dangi kuma ki bar su, ki samu maigida ya raka ki wurin likita ya ji da kunnensa, idan shi ya gane sauran mai sauƙi ne.

Mai_Tambaya:

Ni dai a gafarce ni amma ina ganin gadon ne fa, don na san gida ɗaya da yara biyu suka zo da matsalar baya, kuma iyayen 'yan uwan juna ne na kusa. In ba gado ba me zai sa ya maimaita? Kuma idan ƙarancin bitamin ne kawai ai da duk matan da ba su sha ba sun haifi irinsa.

Ɗalibin_Bincike:

Malam Mai_Tambaya tambayarka tana kan hanya, kuma amsar ita ce kai da Anti nas duk kuna da gaskiya. Ni karatuna a ɓangaren yadda jijiyoyi ke ginuwa ne, bari in ɗan rarrabe don kalmar gado ta haɗe abubuwa da yawa da ba iri ɗaya ba.

Akwai cutar da ƙwayar gado guda ɗaya tak ke jawowa, misalinta sikila, uba ya ba da S uwa ta ba da S, idan su biyun AS ne kowane ciki akwai kashi 25 cikin ɗari, lissafinsa a fili yake. Gwajin da Yaya Ummu_Yaro suka yi wannan ƙwayar kaɗai ya duba cikin wajen 20,000 da ke jikin mutum, shi yasa bai ce komai ba kan bayan yaro. Akwai kuma matsalar kuromosom, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a ciki, kamar lalurar Dawun inda yaro ke zuwa da 47 maimakon 46 saboda ƙarin guda a lamba 21, abin da aka gano a Faransa a 1959, wannan yawanci ba gadonsa ake ba, kuskure ne wajen rabuwar ƙwai kuma yana ƙaruwa da shekarun uwa. Sai waɗanda wani abu daga waje ke jawowa, kamar maganin talidomaid da aka riƙa ba masu ciki don laulayi a ƙarshen shekarun 1950, aka haifi yara sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961, ko ƙyandar Jamus idan ta kama mace a farkon ciki.

Sifaina bifida ba ta zauna daram a ko ɗaya ba. Ƙwayoyin gado ne masu yawa, kowace da ɗan ƙaramin tasiri, wasu daga uwa wasu daga uba, su taru su sa ɗan tayi ya zama mai rauni a wurin, sai kuma wani abu kamar ƙarancin folet (bitamin ɗin da folik asid ke cike giɓinsa) ko hawan suga ko zazzaɓi mai zafi ya zo ya ƙarasa. A ɓeraye an gano ƙwayoyin gado sama da 200 da idan aka taɓa su bututun ba ya rufewa, a mutane kuma an samu canje-canje a irin su VANGL1 da MTHFR a wasu marasa lafiyar, amma ba wadda za ka gwada ka ce ga mai laifi. Wannan ne ya sa wata ba ta sha komai ba ta haihu lafiya, wata kuma abin ya maimaita mata, kuma idan iyaye dangin juna ne na kusa damar su ɗauki rauni iri ɗaya ta fi yawa, duk da cewa tasirin hakan ya fi fitowa a cututtuka irin na ƙwaya ɗaya. Amma cewa daga gidan uwa ne kawai, wannan ba shi da tushe ko kaɗan, yaro rabi da rabi yake ɗauka.

Yanzu batun bincike da kika tambaya Yaya, a nan ne nake so ki nutsu don akwai gaskiya akwai kuma masu cin kasuwa da hawayen iyaye.

Gaskiyar ita ce an yi nisa wajen fahimta. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna za a iya ɗaukar ƙwayar fata a mayar da ita ƙwayar asali wadda za ta iya zama kowane irin nama, ya samu kyautar Nobel a 2012. Da wannan hanyar a 2013 Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich a birnin Biyana suka reni ƴan ƙananan dunƙulen naman ƙwaƙwalwa a ɗakin gwaji, ciki har da wanda suka yi daga fatar wani mai lalurar ƙaramin kai, sai suka ga abin da ba wanda ya taɓa gani kai tsaye a mutum: ƙwayoyin da ya kamata su yi ta ninka kansu tukuna kafin su zama jijiya, sun yi gaggawar zama jijiya, sai jarin ya ƙare da wuri ƙwaƙwalwa ta tsaya ƙarama. Ki tuna ƙwaƙwalwar babba tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 kuma tun yaro yana ciki ake fara yin su, to duk abin da ya taɓa waɗancan iyayen ƙwayoyin asarar tana da girma. Da cutar Zika ta ɓarke a Burazil a 2015 aka fara ganin jarirai masu ƙananan kai, irin wannan fasahar ce ta taimaka aka nuna a 2016 cewa ƙwayar cutar waɗannan iyayen ƙwayoyin take kai wa hari. Ni wannan aikin ne ma ya ja ni cikin fannin.

A ɓangaren magani kuma akwai abin da ya tabbata. An gano cewa lakar da ke buɗe tana ƙara lalacewa ne tsawon watannin ciki saboda ruwan mahaifa da gogayya, sai aka ce to a rufe tun yaro yana ciki. Binciken da ake kira MOMS a Amurka, da aka buga a 2011, ya kwatanta tiyata kafin sati 26 na ciki da tiyata bayan haihuwa, buƙatar saka robar kai ta sauko daga kashi 82 zuwa 40, masu tafiya da kansu a wata 30 suka tashi daga kashi 21 zuwa 42. Sai dai yana da nasa haɗarin, haihuwar bakwaini da raunin mahaifa, kuma cibiyoyi ƙalilan ne ke yi. A 2021 jami'ar Kalifoniya da ke Debis ta fara gwajin ɗora ƙwayoyin asali na mabiyiya a kan lakar yayin wannan tiyatar ta cikin mahaifa, amma gwaji ne a kan mutane kaɗan. Ga ruwan kai kuma, Benjamin Warf ya ɓullo da wata tiyata lokacin yana aiki a Yuganda, ana buɗe wa ruwan hanya a cikin ƙwaƙwalwa a kuma rage wurin da ke samar da shi, yara da yawa ba sa buƙatar roba bayan ta.

Amma allurar da za a yi wa yaron da aka riga aka haifa lakarsa ta tsiro ya miƙe, babu ita a yau, ko a ina. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ko ki kawo shi wata ƙasa a yi masa allurar sitem sel, wato ƙwayoyin asalin nan, ya warke, ki rufe shafin, akwai waɗanda suka dawo da ƙari ko cuta a laka sanadin irin wannan. Abin yana min ciwo don iyaye suna sayar da abin da suka mallaka, kuɗin da da an sa shi a gashi da kula da ƙoda da ya canza rayuwar yaron.

Ummu_Yaro:

Wallahi na gode muku, na karanta sau da yawa ina hawaye, zan nuna wa maigida yau in sha Allah. Baban_Yarinya hoton ƙodar nan ba a taɓa yi mana ba, zan tambaya a zuwanmu na gaba. Anti nas ba ni da suga, amma eh ina da farfaɗiya tun ina budurwa, ina shan Epilim kuma na sha har cikin cikin don ba wanda ya ce in daina, ban ma kawo yana da alaƙa ba. In daina sha daga yau ne?

Nas_Ungozoma:

A'a a'a 'yar uwa, dan girman Allah kar ki daina da kanki ko na rana ɗaya, farfaɗiya idan ta dawo da ƙarfi tana iya kashe mutum, ga ki da yaro a hannu. Amma alhamdulillah da kika faɗa don wannan babban bayani ne. Epilim shine sodiyum balfurowet, kuma an san yana ɗaga haɗarin wannan lalurar zuwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, nakasa gaba ɗaya wajen kashi 10, ban da matsalar koyo da magana da ake gani a yara da yawa da aka yi cikinsu ana shansa, shi yasa a Turai aka tsaurara ba da shi ga matan da za su iya ɗaukar ciki. Ba zan ce shi kaɗai ne sanadi ba, kuma ba ke ce ya kamata ki sani ba, aikin masu rubuta maganin ne su gaya miki. Sannan folik asid kaɗai ba a dogara da shi ya goge haɗarin wannan maganin.

Abin da za ki yi, ki koma wurin likitan da ke duba farfaɗiyarki ke da maigida, ki ce masa kin haifi yaro mai sifaina bifida kuma kuna son wani cikin. Akwai wasu magungunan da haɗarinsu ga ɗan tayi ya fi sauƙi sosai, irin su lamotirijin da lebetirasetam, shi zai duba wanda ya dace da irin farfaɗiyarki, kuma canjin a hankali ake yi, ana rage wannan ana ƙara wancan, yana iya ɗaukar watanni. Duk tsawon lokacin nan ku yi tsarin tazara mai inganci kar ciki ya shiga a tsakiya, ki fara folik asid mai miligiram 5 ɗin da zai rubuta miki, idan cikin ya samu kuma ki je awo da wuri ki faɗi tarihinki tun ranar farko, a yi miki sikanin na musamman tsakanin sati 18 zuwa 22 a duba baya da kan jaririn da kyau. Ki tafi da kwalin maganin a jaka don ya ga adadin da kike sha.